Kallabin Goronyo

Ban taɓa son turare mai cika ɗaki ba. Jibda hawa kaina take yi, almiski kuwa sai in ga kamar mai shi so yake a juyo a dube shi. Wanda ya zauna mini a rai har na tsufa wata farar saiwa ce busasshiya, ba ta fi babban yatsa ba, wadda Baba ya samo wurin wani Balarabe mai sayen jar fatar awaki da yake jemewa. Balaraben ya ce saiwar wani fure ce na ƙasarsu, kuma sai ta yi shekaru a ajiye kafin ta yi ƙamshi. Da na shinshina na ce an cuci Baba. Sai da na sake kai hanci na ji shi can ƙasa-ƙasa, mai sanyi, kamar cikin sabuwar randa da aka zuba wa ruwa, da ɗan zaƙi a bayansa. In ka neme shi ya ɓace, in ka manta da shi ya dawo.

Yayata ce ta tafi da saiwar cikin kayan aurenta, da aka kai ta Goronyo gidan wani masunci. Mu muna Wurno, cikin ganuwa, a zamanin da Sarkin Musulmi yake zaune a garin. Baba ya rasu, Inna kuma idonta ya tafi gaba ɗaya. Gaisuwar baki ba ta isar Inna, don haka duk sanda masu jakuna za su kawo bandar kifi kasuwa, yayata sai ta goga saiwar a kallabin da ta kwana biyu tana ɗaurawa, ta ba su. Inna ta karɓa, ta rufe fuska da shi, ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Lahiya lau take."

Da wata damina cutar agana ta bi garuruwan bakin gulbi. Mijin yayata ya zo da kansa, ya tsaya a zaure da ƙullin kayanta. Ita da jinjirinta duka sun rasu. A lokacin Inna tana kwance da ciwon ƙirji, ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta kwance ƙullin, ta ciro saiwar ta danƙa mini.

"In kunka hwaɗa mata, gawa za mu sake yi," in ji ta. "Ga saiwa, ga kallabi. Ke ba ki da kai ne da za ki ɗaura?"

Gwaggo irin matan nan ce da ba a ce musu a'a. Allah ya jiƙanta, amma har yau in na tuna ta raina yana ɓaci. Ta bi unguwa gida-gida ta ja wa kowa kunne. A gidanta aka karɓi gaisuwa, a gidanta aka yi sadaka, mata suna wuce ƙofarmu kansu a sunkuye.

Ni kuwa na kama aikin da aka ɗora mini. In goga saiwar a bakin dutsen niƙa, in barbaɗa garin a kallabi, in ɗaura in yi tuwo da shi, ranar kasuwa in miƙa wa Inna in ce daga Goronyo. A lokacin na tsani ƙamshin nan. A jikin yayata daɗi yake yi, a kaina kuwa sai nake jin sa kamar toka da ruwa ya taɓa. Inna ta rufe fuska, ta ce, "Lahiya lau take," ni kuma in fita bayan ɗaki in yi kukana.

Inna ta warke. Na ce wa Gwaggo a faɗa mata yanzu, ta ce a bari a cire gero. Aka cire, ta ce a bari azumi ya wuce. Saiwa tana ta ƙarewa, har ta koma kamar ƙwayar gujiya, ni kuma kullum tunanina abin da zan kai wa Inna ranar da babu ita.

Wani hantsi na same ta a inuwar ɗaki tana kaɗin auduga. Na miƙa mata kallabi. Ta ajiye mazari ta karɓa, amma ba ta kai shi hanci ba.

"Saiwar ta kusa ƙarewa ko?" in ji ta.

Na zauna a gefenta.

"Nata shina zuwa da hayaƙin banda, da warin nono," ta ce. "Wanga ba shi da komi sai ke da murhunmu. Tun na hwarko nis sani."

"To Inna, mi yah hana ki magana?"

"Jira nike ku hwaɗa mini. Mutum ba shi yi ma kainai gaisuwa." Ta juyo da fuska wajena. "Jinjirin hwa?"

"Shi ma, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ina jin ta riga ta gama shi ita kaɗai a ɗakin nan, a lokutan da muke ganin barci take yi.

"Shekara guda ɗiyata na cikin ƙasa," ta ce, "ba wanda yas shigo ɗakin ga yac ce mini Allah shi jiƙanta."

Na durƙusa gabanta kamar baƙuwa. Na ce, "Inna, yaya haƙuri? Allah shi jiƙanta, shi yi mata rahama."

"Amin," in ji ta. "Tahi ki kira mini gwaggonki, ita ma ta zo ta yi."

Na je. Gwaggo ta ce da wane ido za ta shiga, bayan shekara? Matan unguwa ma kunya ta hana su, kowa ya ce ai abu ya wuce. Inna ta sa na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi, ta zauna da kallabin a cinya. Haka muka yi ta shimfiɗawa muna naɗewa har ta daina tambayar ko wani ya zo. Kafin damina ta gaba ta rasu, kuma ni kaɗai na yi mata gaisuwar 'yarta.