Baƙar Leda a Lambun Ɗahiru

Malam Ɗahiru na Ƙofar Kware a Sakkwato manomin tumatir ne, ko da yake gidansu na masu sayar da yadi ne. Da mahaifinsu ya rasu a shekarar 1956, manyan yayye suka riƙe rumfar kasuwa, lambun da ke fadamar Kwalkwalawa kuma ya faɗo wa Ɗahiru da ƙanensa Muntari.

Aikin lambu a lokacin ba wasa ba ne. Tun asuba za ka kama jigo kana ɗebo ruwa, ruwan ya shayar da tumatir ya shayar da ciyawa, bayan kwana biyar ka duƙa da kalme kana nome ciyawar ƙiri-ƙiri. Ɗahiru ƙaƙƙarfa ne, kuma yana ji da ƙarfinsa. Muntari kuwa tun yana ƙarami ya faɗo daga kan jaki, ƙugunsa bai sake zama daidai ba. In ya daɗe a duƙe sai ya dafa ƙasa kafin ya miƙe.

Wannan ciwo ne ya sa Muntari ya nemo dabara. Ya riƙa tara tsofaffin tabarmi da busasshiyar ciyawa yana lulluɓe ƙasar da ke gindin tumatir, don kada sabuwar ciyawa ta samu rana. Kunya shida ya rufe. Ɗahiru ya ce ragwanci ne kawai, amma idonsa na ganin wurin ba ya saurin bushewa.

A ranin shekarar da aka samu 'yancin kai, ciwon ya kwantar da Muntari a gida. Ban ruwa ya koma hannun Ɗahiru shi kaɗai. Sai ya ji ana kokawa a Wamakko, ya tafi da niyyar wuni ɗaya, ya yi kwana huɗu. Da ya dawo ya tarar da dashen ya ƙone, in ban da kunyoyin nan shida da ƙanensa ya rufe.

Tsoron yayyensa ya kama shi. Ya kwashe tabarmin ya cinna musu wuta, ya je gida ya ce gara ce ta taru a ƙarƙashin shirgin Muntari, ta bi ta cinye saiwar sauran. A zaure, a gaban kowa ya faɗa.

Muntari ya dube shi ya ce, "Yaya, ka tona ka ga garar da idonka?"

"Na gani," in ji Ɗahiru.

 Da Muntari ya samu sauƙi ya tafi Gusau ya koyi ɗinki, ya yi aure a can. Yakan zo Sakkwato da salla, su gaisa lafiya lau, amma bai sake taka lambun ba har ya rasu. Sau da yawa Ɗahiru ya shirya maganar a bakinsa, in sun zauna sai ya ɓige da tambayar iyali.

Ɗahiru ya haura saba'in lokacin da autarsa Zulaihatu, wadda ta zama malamar gona, ta zo masa da naɗin baƙar leda a bayan mota. Da sanyi ne, ana shirin dashe. Ta sa aka ja kunya, aka shimfiɗa ledar a kai, aka binne gefunanta da ƙasa don kada iska ta ɗaga, sannan aka huda ramuka a jere aka dasa tumatir a ciki.

"Baba, ciyawa ba ta tsira in ba ta ga rana ba," in ji ta. "Ƙasa za ta riƙe laima, 'ya'yan kuma ba za su kwanta cikin taɓo su ruɓe ba. Aya-aya kaɗai ke huda ta, ita ma sai ɗai-ɗai."

Tsohon ya zauna a bakin kunya yana kallon ledar. Ta zaci bai yarda ba ne, ta fara sake bayani, sai ya ɗaga mata hannu.

"Na san abin ga tun ba a haihe ki ba. Baffanki Muntari ya yi shi nan wurin, da tabarmi. Ƙarya na yi mai, anka yarda."

Ya ba ta labarin duka, ba tare da ya rage komai ba.

Ledar ta yi aiki. A shekarar babu wanda ya duƙa noma sai sau ɗaya, tumatir ya yi kyau. Ɗahiru bai yi murna yadda aka zata ba. Bayan an gama tsinka ya sa Zulaihatu ta kai shi Gusau wurin Sadiyatu, 'yar Muntari. Ya faɗa mata abin da ya yi, ya ce rabin lambun nata ne da ƙannenta.

Sadiyatu ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Baffa, bai taɓa gaya mana ba. Abin da yakan ce kawai, shi da lambu jininsu bai haɗu ba."

"To ke ki yafe min a madadinsa."

"Nawa na yafe. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba. Sai dai ka yi ta yi masa addu'a."

Sun karɓi rabonsu, wani ɗan Kwalkwalawa yake noma musu. Ɗahiru ya ƙara shekara uku a duniya, ƙafa ta hana shi zuwa fadama. Duk wanda ya zo gaishe shi a zaure, in hira ta yi tsawo, sai ya ba shi labarin nan, har jikokinsa suka riƙa tashi in ya fara.