Baƙin Tef a Fuskar Kare

Aikin farko da na samu bayan na gama bautar ƙasa aikin tambaya ne. Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da tambaya, har Inna kan ce bakina ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke ni. Da aka ce ga aikin da ba a son komai sai in je in ji ra'ayin mutane, na ce wannan ai ni aka yi wa.

Wani kamfani ne a Legas mai shigo da kayan kwamfuta daga waje. Sun kawo sabon madabod, wato faffaɗan allon nan na cikin kwamfuta wanda duk sauran kayan ke manne a jikinsa. Wannan na masu buga gem ne, wato wasan kwamfuta, an yi shi don ya jure aiki mai nauyi. Masu ƙera shi a can ƙasarsu suna son su ji yadda yake yi a wuri mai zafi kafin su fitar da na gaba. Aka turo guda goma sha biyu Bauchi, aka ce in raba su kyauta ga masu gidajen gem da masu haɗa kwamfuta, in ba su wata biyu, sannan in koma da fom in ji ta bakinsu. Ni ma gwaji aka ɗauke ni. In rahotona ya yi a tabbatar da ni, in bai yi ba in koma zaman gida, wanda na riga na ɗanɗana shekara guda, kuma ban ji daɗinsa ba.

Ranar da na buɗe kwalin farko na daɗe ina kallo. Allon baƙi ne wuluk, da ƙananan fitilu a gefe masu sauya launi. A tsakiya akwai murfin ƙarfe, an zana kan wata dabba a jikinsa, baki buɗe, da ido ɗaya da ke kama da wuta ja jawur in an kunna. Takardar cikin kwalin ta ce kerkeci ne. Ni dai ban taɓa ganin kerkeci ba. Abin da ya burge ni shi ne dabarar: a ƙarƙashin murfin akwai 'yar ƙaramar fanka, kuma ta tsakanin haƙoran dabbar take shaƙar iska. Na ce lallai mutanen nan sun zauna sun yi tunani.

Na raba su. Na shiga keke na zaga gari, daga Ɗan Iya zuwa Ƙofar Ran, har GRA inda wani ma'aikaci yake da ɗaki guda na gem shi kaɗai a gidansa. Kowa ya karɓa hannu biyu, ya sa mini albarka. Da yake akwatunan kwamfutar gem gefensu ɗaya gilashi ne, duk inda aka ɗaura allon sai mutane su taru suna leƙen fitilun.

Bayan wata biyu na koma da fom. Tambayoyi ne kan sauri, da zafi, da ƙara, da yawan ramukan saka waya, da kyawun gani, kowace a ba da maki daga ɗaya zuwa biyar. Duk inda na je sai a ba ni kujera, a kawo ruwa mai sanyi, a tambayi mutanen gida. Sannan mutum ya karɓi biro, ya bi layi yana ba da biyar har ƙasa. A wurin da aka ce a rubuta abin da ake so a gyara, wani ya rubuta "babu", wani ya rubuta "mun gode", wani kuma ya rubuta addu'a. A duk fom ɗin, babu ko huɗu ɗaya. Na tura Legas ina ta fara'a, a zatona na kai labari mai daɗi.

Washegari Oga ya kira. Shi ne shugaban sashenmu, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, muryarsa kawai na sani. Bai ko amsa gaisuwata ba. Ya ce daga sauran garuruwa an turo ƙorafi shafi-shafi, wannan ya ce kaza ya yi zafi, wancan ya ce kaza ya matse, sai Bauchi ce kaɗai aljanna? Ya ce ya daɗe a aikin nan, ya san fom ɗin da mutum ya zauna a ɗakinsa ya cike da kansa. Ya ba ni mako guda in kawo abin da za a yarda da shi, in ba haka ba kada in ƙara kiransa.

Na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Korar ma ba ta dame ni kamar zargin ba. Ni da na sha rana, ƙafata ta yi kanta, a ce na zauna na ƙirƙiri ƙarya! Na fito tsakar gida ina huci, na tarar da Inna tana zagen zogale a faranti. Na zazzage mata komai, har da cewa mutanen garin nan ba su san abin da suke yi ba.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke ce dai ba ki san abin da kike yi ba. Kin kai wa mutum abu kyauta, kin dawo ya ba ki ruwa kin sha, sannan ki miƙa masa biro ki ce ya kushe a gabanki?"

Na ce, "Inna, ai ba nawa ba ne. Na kamfani ne."

"Kamfanin suka gani ko ke?"

Ta ci gaba da zagenta. Can ta ce, "In babanki ya yi baƙi na yi musu tuwo, ko gishiri ya zarce cewa za su yi ya yi daɗi. Kin taɓa ganin na aika a tambaye su? Kwanon nake dubawa in an fito da shi daga zaure."

Da safe na bar fom a gida, na ɗauki sukundireba da ɗan buroshi, na nufi Ƙofar Ran. Akwai wani dattijo a can da na ba allo biyu. Tsohon mai buga tafireta ne a ofishin gwamnati, da ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu, daga baya ya ga samarin unguwa sun fi son gem sai ya ƙara injuna. Ya san babana tun suna samari. Ina kiransa Baba, shi kuma ba ya kirana da komai sai Injiniya, cikin zolaya. Na ce masa na zo share wa injunan datti ne. Ya ce madalla, ya ba ni benci.

Ban taɓa komai ba tukuna, na zauna ina kallo. Shagon ɗan ƙarami ne, injunan a jere a bangon gabas. Abu na farko da na lura da shi, wata fanka ta tsaye, maimakon a juya ta wajen mutane, an juya ta tana hura akwatunan nan biyu masu sabon allo. Mutane na gumi, inji na shan iska. Na ce a raina, wannan fa ba ya cikin fom.

Rana ta take, shagon ya ɗauki zafi. Dab da azahar ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu ta mutu ɗif, ana tsakiyar wasan ƙwallo. Na duba, wuta na nan, sauran injuna na aiki. Abin mamaki, masu wasan ba su ko yi tsaki ba. Ɗaya ya ajiye abin wasan ya miƙe, ya ce, "Ta tafi salla. Mu ma mu tashi." Aka yi dariya. Wato abin ya zama jiki, har sun san lokacinsa.

Na matsa na leƙa ta gilashin. Ban ga dabbar ba. An bi fuskarta da baƙin tef irin na masu gyaran wuta, layi a kan layi, a tsanake, kamar an ɗaure ciwo. Ido ya rufu, baki ya rufu, haƙora duk sun rufu. Na kwance gilashin na kai yatsa kusa da murfin, na janye ba shiri. Ashe fankar ciki ta yi ta juyi babu inda za ta shaƙi iska.

Na ce, "Baba, wa ya sa wannan?"

Ya ce, "Ni ne." Ya sosa ƙeya. "Injiniya, kin ga a nan nake salla in ba mai tsare mini shago. Ga alƙibla, ga inji. In na tayar da kabbara sai in ga kare ya zuba mini jan ido. Kwana uku na daure, na huɗu na sayo tef."

Na ce ai kerkeci ne. Ya ce, "To, ɗan'uwansa ne."

Na nuna masa inda iskar ke shiga. Ya sa tabarau ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya riƙe baki. Bai taɓa kawo wa ransa cewa tef ɗin ne ke kashe injin ba. Shi a ganinsa allon ne ba ya son zafin Bauchi, shi ya sa ya sadaukar da fankarsa.

"To Baba, inji na mutuwa kullum, ka ba shi biyar a wajen zafi?"

Ya cire tabaran. Ya ce, "Babanki ya gaya mini gwaji aka ɗauke ki. Da muka haɗu da sauran da kika ba, muka yi magana. Muka ce yarinyar nan ta daɗe tana neman aiki, in muka ce kayan da ta kawo ba su da kyau, ita za a kora. Muka ce ba dai daga bakinmu ba."

Na koma bencin na zauna. Haushin da na zo da shi ya rasa inda zai sauka. Mutanen nan taro suka yi don su rufa mini asiri, kuma rufin asirin ne yake shirin raba ni da aikin. Na ji dariya na taso mini, na ji hawaye ma, sai na sunkuya na shiga ɓare tef. Da na gama na yanko kwali na manna a gilashin ta waje. Kare ya ɓuya, iska ta samu hanya. Har la'asar injin bai ƙara mutuwa ba.

Kwana huɗun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikin nan, don kowane shago na shiga ina ɗokin ganin abin da zan tarar. A Ɗan Iya wani ya liƙa takardar kalanda a kan murfin. Wani ya juya akwatin gaba ɗaya ya manna gilashin da bango. Wani mai haɗa kwamfuta ya tsinke wayar idon, ya ce in ba ya kallonsa shi ma ba ruwansa. Mutumin GRA kuwa karen bai dame shi ba ko kaɗan, sunan wasa ma ya raɗa masa. Damuwarsa ita ce duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, allon sai ya manta saitin da ya yi masa. Wannan ma ba da bakinsa ya fara faɗa ba. Takarda na gani manne a tebur, ya rubuta saitin don ya riƙa mayarwa. Na lura da wani abu: in na ce "me ke damunka da shi", sai a ce ba komai. In na nuna abu na ce "wannan fa, me ya sa", sai labari ya ɓalle har in gaji da rubutu.

Na ɗauki hotuna, na rubuta abin da na gani da abin da aka faɗa, na tura ana saura kwana ɗaya wa'adin ya cika. Oga ya yi kwana biyu bai kira ba. A rana ta uku ya kira yana dariya. Ya ce masu ƙera allon sun yi ta maimaita kallon hoton tef ɗin, don a wasu wuraren dabbar nan ce abin da aka fi yabawa, ba wanda ya taɓa tunanin za a yi salla a gabanta. Ya ce an tabbatar da ni. Zargin da ya yi mini kuwa ko a gefen maganarsa bai taɓo ba, balle ya ba da haƙuri. Na ƙudura a raina cewa wata rana sai ya ji.

Ranar kuwa ba ta yi nisa ba. A ƙarshen watan kamfani ya turo wa kowane sabon ma'aikaci fom, wai a ba shugaban sashe maki daga ɗaya zuwa biyar: yadda yake sauraro, yadda yake magana da na ƙasa da shi, yadda yake adalci. Na yi murna. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ce wa Inna yau mutumin nan zai sha ɗaya daga sama har ƙasa.

Na ɗauki biro. Na tuna shi ya ba ni mako guda, da yana iya korata a take. Na tuna shi ya sa hannu a takardar tabbatar da ni. Na tuna an ce yana da iyali, kuma ban san me za a yi masa da fom ɗin ba. Biron ya yi ta yawo a kan ɗaya ya ƙi sauka. Inna na gefe tana kallona ta wutsiyar ido.

Da na miƙe ta ce, "Nawa ya samu?"

Na ninke takardar, na ce, "Biyar."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa."