Ƙwai Ɗari Uku a Injin Dakta

Shekara ashirin da uku Malam Gyara ya yi a ɗakin gwaje-gwajen jami'ar, har aka manta sunansa na yanka. Ba shi da digiri. A rumfar gyaran rediyo ya tashi, yatsunsa duk tabon ƙuna, kuma duk abin da ya mutu a tsangayar, daga fanka har na'ura mai tsada, a teburinsa ake jibge shi. Mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin da ke sa a ɗauke ka sakarai.

Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: wani tsohon firiji da ya mayar injin ƙyanƙyasar ƙwai, mai aiki da batir ko an ɗauke wuta. Shekara shida yana fama da shi a bayan gida, har matarsa ta ce ya fi sanin zafin jikin firijin nan fiye da na 'ya'yansa.

Da jami'ar ta buɗe cibiyar koyar da ƙirƙira da kasuwancin fasaha, sai aka damƙa ta ga wani Dakta mai zaƙin baki. Ya ji labarin firijin, ya taka har gida.

"Malam, ai zinariya ka ɓoye a bayan gida. Zana min komai, ka rubuta lambobin. Sunanka ne zai zo a gaba."

Malam Gyara ya zana. A gurbin zafi ya rubuta arba'in da ɗaya, yadda ma'auninsa ke nunawa. Shi kaɗai ya san tsohon ma'aunin nan maƙaryaci ne, kullum ƙarin uku yake yi. Shi dai ƙwai yake ɗorawa a fatar idonsa ya ji ɗuminsa, kamar yadda ya ga mahaifiyarsa na yi. Ya bari sai ranar haɗa sabon injin ya yi bayani.

Ba a kira shi ba. Wata Litinin kawai ya tarar da ƙaton allo a ƙofar cibiyar, ga hoton injin, ga Dakta yana murmushi a matsayin wanda ya ƙirƙira. Sau uku ya karanta, bai ga ko harafin sunansa ba.

"Ƙa'ida ce, Malam," in ji Dakta, idonsa na kan waya. "Sai mai digiri ake rubutawa. Amma ga riga mai tambarin cibiya."

Ya karɓi rigar da hannu biyu, ya yi godiya, zuciyarsa na tafasa.

Aka zuba ƙwai ɗari uku a sabon injin mai sabon ma'auni, wanda ba ya ƙarya, aka lissafa kwana ashirin da ɗaya su faɗo daidai ranar baje koli a gaban masu zuba jari. Malam Gyara ya leƙa ya ga an saita arba'in da ɗaya. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya kai fatar ido, ya ji zau. Ya mayar da shi a hankali, ya rufe ƙofa.

Da ya ba matarsa labari, sai ta ce, "To, baban yara, su ƙwan me suka yi maka?"

"Ba su yi min komai ba. Ni ma ban taɓa su ba."

Ta yi tsaki ta ci gaba da wankinta. Maganar gaskiya, Malam Gyara daɗi yake ji. Kowace safiya sai ya gaida Dakta har da rusunawa, ya tambayi lafiyar ƙwai.

Ranar baje koli aka jera kujeru, baƙi suka kewaye injin suna jiran kukan 'yan tsaki. Shiru kake ji. Dakta ya cika su da surutu har ya ƙare, sannan ya fasa ƙwai ɗaya don ya nuna musu ɗan tsako na ciki. Warin da ya tashi ya sa na gaba toshe hanci.

"Malam Gyara, zo ka duba mana."

Ya taso cikin rigarsa mai tambari, ba gaggawa. "Ranka ya daɗe, ni fanka nake gyarawa. Ga mai injin can a allo."

Dakta ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Don Allah, Malam. Kai ka ƙera shi, kai ka san kansa."

Malam Gyara ya kai hannu bayan kunne. "Kunnen ya tsufa, Dakta. Ɗan ɗaga murya."

Dakta ya dubi baƙin, ya dubi ƙwan da ke hannunsa, ya maimaita yadda na kujerar ƙarshe ma ya ji.

Bayan an watse, Malam Gyara aka bar wa kwashe ƙwan, don dama aikinsa ne. Ya dinga ɗauka ɗaya-ɗaya yana sawa a bokiti. A na farko da ya fashe ya ga ɗan abin da ya fara zama tsako, da ɗigon ido. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ci gaba da kwasa.