Sabon Huhu, Tsohuwar Ƙoda

Yayana ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya har na gama sakandare. Da ƙuruciyarsa aikin injin niƙa dutsen zinare ya yi a Abare, yakan dawo gida fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa, mu yi ta yi masa dariya. Daga baya Allah ya buɗa masa, ya bar injin ya koma saye da sayarwa, amma ƙurar dutsen ta riga ta zauna masa a ƙirji. Ya kai ko alwala sai ya huta a tsakani. Abokan kasuwancinsa suka tsaya masa, aka fitar da shi ƙasar waje, aka cire huhunsa aka dasa masa na wani bawan Allah da ya rasu. Har yau ina sa mutumin nan a addu'a, ban san ko sunansa ba.

Abin da mutanen Anka, inda yake zaune, ba su sani ba, ko suka ji suka watsar, shi ne bayan aikin ƙodarsa ta tsaya. Sai da aka yi ta yi masa wankin ƙoda kafin ta farfaɗo. Matarsa ce ta raka shi, ita ta faɗa mini abin da likitan can ya ce: maganin da ke hana jiki ƙin baƙon huhu yana da nauyi a kan ƙoda, tasa kuwa ta riga ta ji rauni sau ɗaya. Ya riƙa shan ruwa sosai, ya sha maganin safe da safe, na dare da dare, kada ya kusanci ƙwayar ciwon jiki ta kemis. Azumi kuwa, likitan, wanda shi ma Musulmi ne, ya ce a ciyar kawai.

Na baro ɗakina a Bukkuyum na zo taya ta jinya. Gidan kullum cike da 'yan dubiya. Kowa ya shigo zaure tambayarsa ɗaya: “Yaya numfashi?” Shi kuma ya ja iska ta cikin takunkumin da ke fuskarsa, ƙirji ya taso, a ɗauki kabbara. Ban ga laifinsu ba, ni ma na yi kukan murna ranar da na ji ya karanta Fatiha bai tsaya ba. Amma babu mai tambayar ƙoda. Wa zai dubi babban mutum ya ce masa yaya fitsari?

Watan azumi ya kama a tsakiyar bazara, irin zafin da kaji ke buɗe baki a gindin randa. Mun riga mun auna hatsin ciyarwa. Ranar farko na kai wa Yaya ruwa da maganinsa a zaure da hantsi, ban san Baffa na nan ba, ƙanen mahaifinmu, wanda tun rasuwar wansa maganarsa ce ta ƙarshe a gidan. Ya dubi kofin, ya dubi Yaya.

“Mi nika gani haka? Ruwa da rana tsaka?”

“Likita ne ya hana, Baffa.”

“Likita! Shi ya ba ka huhun ko Allah? An ba ka numfashi kyauta, wata guda ka kasa bayarwa? Ni da nika da hawan jini da ciwon gwiwa, ka taɓa ganin na sha?”

Akwai mutum biyu a zaune, suka yi 'yar dariya. Ɗaya ya ce ai Alhaji ya zama jariri, sai a nemo masa bulumboti. Yaya ma ya yi dariyar, amma na ga yadda ya janye hannunsa daga kofin.

Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, “Baffa, a gafarce ni. Allah da kansa ya ɗauke wa marar lafiya. Kuma ba huhun ake ji ba, ƙodar ce.”

“Ke ɗiyar ga, wa ya sa bakinki? Ƙoda mi ta yi? Huhu anka yanka ko ƙoda? Tashi ki koma madafa, malama mai sakandare.”

Na tashi. Haka aka rene mu.

Washegari Yaya ya ɗauki azumi. Matarsa ta yi kuka, na yi magiya, na ce ya aika a tambayi limamin unguwa. Ya ce, “Ƙanwata, na san hukuncin, ba jahili ba ne ni. Amma a zaure nake zama. Kowa baki bushe, ni kaɗai da kofi? Kuma ina jin kunyar Ubangijina.” Na ce Ubangijin da ya yi maka rangwame ba ya son ka mayar masa da kyautarsa. Ya ce in bar shi ya gwada.

Maganin safe ya koma na asuba, wani lokaci ya haɗe su duka bayan shan ruwa. Ƙishirwa ta riƙa sa masa ciwon kai, sai ɗaya daga cikin masu zaman zauren ya zaro ƙwaya daga aljihu, irin wadda masu haƙar rami ke sha in jiki ya yi tsami, ya ce wannan ko jaki ya sha sai ya tashi. Mun sani ne da matarsa ta tsinci takardar ƙwayar a aljihun rigarsa wajen wanki.

Ni ke cika masa buta. Da can kafin azahar sai na cika ta fiye da sau ɗaya. Sai na ga tana wuni da nauyinta, ba ya zagayawa, alwala kawai ke rage ta. Na kasa tambayarsa, na tura matarsa, ya ce mata lafiya lau. Sannan takalminsa ya daina shiga, fuska ta yi suntum. Baffa ya gan shi ya washe baki.

“Kun gani ko? Albarkar azumi! Mutum har ya fara ƙiba. Ina malamar? A kira ta ta gani.”

Ina bayan ƙofa ina ji. Ban taɓa sanin ana iya jin haushin tsoho har a ji ɗaci a harshe ba sai ranar. Na yi ta istigfari, haushin bai sauka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, numfashin nan lafiya ƙalau yake fita, shi suke saurare, shi ne hujjarsu.

Azumi bai raba tsakiya ba, wata la'asar Yaya ya yi ta amai, ya fara kiran matarsa da sunan Innarmu da ta rasu. A asibitin gari aka ɗebi jini, likita ya ce a wuce da shi Sakkwato yanzu yanzu. Can aka sa shi a injin wankin ƙoda. Muka yi ta jira ƙodar ta farfaɗo kamar yadda ta yi a karon farko. Likitar da ke duba shi, wata mai sanyin murya, ta ce mana huhun bai ƙi jikinsa ba, wannan abin godiya ne, amma ƙodar da aka kayar sau biyu ba kullum take tashi ba. Tasa ba ta tashi ba.

Baffa ya zo dubiya da ledar lemo. Ya tsaya a kan gadon ya ce, “Sai haƙuri, ƙaddara ta riga fata.”

Na ce, “Haka ne, Baffa. Sai dai ƙaddarar nan a zaure ta same shi, kuma da baki ta zo.”

Baffa ya kau da kai daga gare ni. Ya ce wa Yaya, “Ka ji tarbiyyar da ka yi.” Ya fita, har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau. Ina gaishe shi duk da haka, saboda mahaifina. Lemon ma likita ta ce kada Yaya ya taɓa, muka ba masu jinyar gadon kusa.

Yanzu Yaya ya kama haya a Sakkwato kusa da asibitin, don hanya ba ta biyuwa kowane mako. Kasuwa ta koma hannun wasu. Tunda jikinsa ba ya fitar da ruwa, an ƙayyade masa abin da zai sha, ɗan kaɗan, don kada ya taru ya hau huhun. Zuwana na ƙarshe da zafi, na ba shi rabonsa na rana a ƙaramin kofi, ya shanye ya riƙe kofin yana kallon randa.

“Ƙanwata, ɗan ƙara mini. Ko maƙogwaro bai jiƙa ba.”

Na ce, “Yaya, sai magariba.”

Na karɓi kofin, na jiƙa tsumma mai tsabta na goga masa a leɓe, ya kama shi yana tsotsa. Na fita tsakar gida na ce wa matarsa ta ɗauke randar daga inda idonsa ke kaiwa.