Aina'u Mai Kati da Mabuɗin Inna Zulaihatu

Tun tana 'yar mitsitsiya aka san Aina'u da zurfin ciki. Mahaifinta manomin gyaɗa ne a wani ƙauye da ke gefen Kunci, kuma ita kaɗai yake nuna wa inda ya ɓoye irin shuka, don ya san ko uwarta ce ta tambaya, murmushi kawai za ta samu. Da ta gama sakandare ta yi shekara guda tana bin motar Ɗanbatta koyon kwamfuta, mutane suna ta tambayar mahaifinta abin da 'yar manomi za ta yi da ita. Ana nan sai aka kawo kwamfuta ƙaramin asibitin garin, aka kafa sola a kan rufi, aka duba gabas da yamma babu wanda ya iya ta sai ita. Haka ta zama Aina'u Mai Kati, yau shekara shida ke nan.

Kwamfutar ɗaya ce tilo. A cikinta akwai rumbun bayanai guda da ake zuba komai: masu awon ciki, yaran rigakafi, da magunguna. Kalmar sirrin buɗe shi ma ɗaya ce, sirrin nata kuwa a suna ya tsaya, domin da jan biro aka rubuta ta aka manna a goshin allon.

Ɗanliti mai rigakafi ne ya nuna musu illar haka. Mutumin kirki ne, ga fara'a, sai dai cikinsa ba ya riƙe magana. Wata rana yana neman sunayen yara ya ci karo da sunan Tahira, matar wansa, a jerin masu awo. Kafin azahar ya hau babur ya kai wa mahaifiyarsa albishir, har da karɓar goro. A garin nan kuwa mace ba ta shelar ciki, bari take ya nuna kansa. Bayan mako uku cikin ya zube, karo na biyu ke nan, Tahira ta sha jaje daga bakin mutanen da ita ba ta gaya wa komai ba.

Bayan shekara guda Tahira ta haɗu da Aina'u a wajen injin niƙa. Tahira ta matso, ƙarar injin ta rufa musu asiri.

"Yaya Aina'u, na samu kuma. An ce in an sake in zo da wuri, amma muddin ƙanin mijina zai iya buɗe abin nan, ƙafata ba za ta taka asibitinku ba."

Maganar ta tsaya wa Aina'u a rai, don ta san irin wannan cikin ba ya son jinkiri. Ta ce, "Ba ni kwana uku."

Ta fara kwafe rumbun gaba ɗaya ta ajiye a gefe saboda tsaro. Sannan ta yanka wa kowa ƙofarsa: sunansa daban, kalmar sirrinsa daban. Mai magani ya ga magani, Ɗanliti ya ga yaransa, jerin awo kuwa sai unguwarzoma. Wanda ya yi kuskure sau uku, ƙofar ta kulle. Ta ɓare takardar jan biron ta yayyaga.

Ɗanliti ya ɓata rai. "Wato ni ne ɓarawon ke nan?"

"Haba, wa ya ce ɓarawo? Kai ai gidan rediyo ne."

Ya yi dariya, aka wuce wurin. Ashe aikin ba a wajensa yake ba, yana wajen Inna Zulaihatu unguwarzoma. Shekara talatin tana karɓar haihuwa, kuma ba a taɓa roƙonta abu ta hana ba. Kunun da ke filas ɗinta na kowa ne. Kalmar sirrin farko da aka ba ta, mai magani ya tambaye ta da wasa, ta ba shi har da maimaitawa. Ta biyu kuwa ba a ma tambaya ba, tana danna ta da yatsa ɗaya tana karantawa da ƙarfi kamar mai biya allo.

"Inna, ba a faɗa fa."

"'Yar nan, mutum ya tambaye ni abu, ina da shi, in hana? Ni ban iya rowa ba."

Kwana biyu suka tafi a haka, hankalin Aina'u ya tashi sosai. Ranar ta uku da hantsi sai ta ji Inna tana waya da ɗanta na fari, malamin makaranta a Bagwai, magidanci mai 'ya'ya huɗu. "Kai, wannan, kana ji na?" Tun ranar da aka raɗa masa Muhammad Auwal sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, don kunyar ɗan fari.

Aina'u ta jira ta kashe wayar. "Inna, sunan Yaya na Bagwai za ki sa. Ki raba shi biyu, ki cusa lambobin da ke kaɗai kika sani a tsakiya."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke kam ba ki da ta ido."

"Ai ban ce ki faɗa ba. Dannawa za ki yi."

Aina'u ta juya wa allon baya. Ta ji yatsa ɗaya yana sauka a hankali, kuma karon farko babu karatu.

Washegari Tahira ta zo, wai ciwon kai ne ya kawo ta. Ɗanliti ya ga ta daɗe a ɗakin Inna, ƙaiƙayin son ji ya kama shi. Tana fita ya durƙusa.

"Inna, nawa mabuɗin ya ƙi. Ara mini naki mana."

Inna ta buɗe baki da zuciya ɗaya za ta ba shi. Aina'u ta ɗago kai daga katuna. Bakin Inna ya tsaya a buɗe, ya koma ya rufe.

"Ba zai faɗu ba," in ji Inna.

"To rubuta mini."

"In rubuta ka karanta mini shi a gabana? Tashi ka ba ni wuri."

Aina'u ta sunkuya cikin katuna, dariya tana neman shaƙe ta. Inna ma da ta ɗanɗana hani sau ɗaya sai ta ji ashe ba ya kisa, har ta koma ita ce mai korar masu leƙe.

Tahira ba ta fasa awo ko sau ɗaya ba. Wasu matan ma suka dawo zuwa da wuri. Da cikin ya shiga wata na shida, Ɗanliti ya je gaida mahaifiyarsa, ta tare shi tun daga zaure.

"Albishirinka."

"Goro."

"To kawo shi. Matar wanka ta yi nauyi, kowa ya gani sai kai."

Ya shigo asibiti yana mita, bakinsa har kunne. "Wata huɗu ina zaune ɗaki ɗaya da kwamfutar nan, amma ni aka bari a ƙarshe."

Da kaka, ana cirar gyaɗa, Tahira ta sauka lafiya. Bayan suna aka kawo jaririyar allura. Ɗanliti ya buɗe tasa ƙofar, ya danna sunanta, Ramlat, harafi-harafi. Aina'u tana tsaye a bayansa, farin ciki ya cika ta har idonta ya kawo ruwa. Wannan ne karon farko da yarinyar ta bayyana a allonsa, kuma ga ta nan a cinyar kakarta tana tsala kuka.