Yakubu ya tafi, kuma a bakin Siddiƙ na ji

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan na buɗe waya na ga wai Yakubu ya rasu. Zazzaɓi ne, bai daɗe a kwance ba.

Siddiƙ ne ya rubuta sanarwar. Ba ni ba.

Ni da Yakubu layi ɗaya muka tashi a Omdurman, rumfa ɗaya muka koyi gyaran waya. Siddiƙ ɗan unguwar Aljirif ne, a dandalin nan na intanet suka haɗu da Yakubu bayan yaƙi ya watsa mu.

Kun san dandalin ba shi da mai shi. Kowa zai zaɓi rile ɗinsa, wato na'urar da ke karɓar saƙo ta miƙa wa jama'a. Na kafa tawa, Siddiƙ ma ya kafa tasa. Mutanenmu ba sa zaɓa sai sun tambayi Yakubu, shi kuwa kullum ta Siddiƙ yake fara ambata, tawa a ƙarshe.

Na tare shi da maganar. Ya ce, "Ya zol, ɗan'uwa, taka da an ɗauke wutar kahraba ta mutu. Iyaye mata ke cigiyar 'ya'yansu a nan. In tura su inda saƙo zai ɓata?"

Ba a jima ba sai ga shi da batir a kafaɗa, tun daga Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, yana zufa. Da hannunsa ya haɗa min. Amma bai matsar da ni gaba a jerin ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a wajen mai jabana ce, wato mai gahawa, a Khartum. Na tarar da su tare, suna dariyar wani abu da ban sani ba. Na sha kofi ɗaya na miƙe. Yakubu ya riƙo rigata ya ce, "Zauna mana, Haruna, ina za ka?" Na ce ina da aiki.

Siddiƙ ne ya kai shi asibiti. Shi ya riƙe hannunsa, shi ya ji maganarsa ta ƙarshe. Wallahi har yanzu abin na ci na.

Allah Ya jiƙan Yakubu, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya 'ya'yansa. Duk wanda saƙon nan ya iske, ta kowace rile ya zo, ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya sanyaya min zuciya, don anjima zan je yi wa Siddiƙ ta'aziyya. Shi ma ya yi rashi.