Zaren Araha a Hannun Baba

Na daɗe ina ɗinki a Fagge, amma a wurin Baba har yau ban iya komai ba, tunda ban san ruwa ba. A bakin Tafkin Chadi aka haife shi, ya yi sana'ar su tun yana saurayi, kafin fataucin bandar kifi ya zaunar da shi a Kano. Kullum zancensa ɗaya: ya haifi tela, ya haifi direba, amma duk gidan babu wanda ya san yadda kifi yake jan hannu. Wata rana ya ce yana so ya sake jin wannan jan ko sau ɗaya ne, kafin gwiwoyinsa su kayar da shi. Maganar ta tsaya mini a rai.

Na ratsa ta Bata na shiga Sabon Gari, wurin wani Ibo mai sayar da kayan kamun kifi. A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Na zaɓi sandar fatsa mai ɗan injin naɗe zare a jiki. Da aka zo kan zare ya ajiye mini iri biyu, ni kuwa na damƙi mai araha, wani kore kitsattse, siriri kamar na ɗinkin hula.

"Malam, wannan santsi gare shi," in ji shi. "Ka fara manna salatif a kan kwarkwaron injin kafin ka naɗa, in ba haka ba zai riƙa juyawa a banza. Kuma kada wanda ya kama shi da hannu, yana yanka."

Raina ya ɓaci. Ni za a koya wa zare? Na ce, "Oga, ni tela ne." Ya ɗaga hannu biyu ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

A shago na naɗe shi tsaf, ba salatif ba komai. Tun a nan ya fara nuna hali, don launinsa ya zuba a yatsuna, ban lura ba na taɓa farar shaddar wani Alhaji. Araha ba ta ado, na sani, amma na ce ai ba ado za mu yi ba.

Ran Asabar da safe muka isa dam ɗin Tiga. Jifana na farko, zaren ya cukuikuye ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Na zauna a rana ina warware shi da allura, gumi yana zubo mini, Baba yana kan kujerar roba yana kallo.

"Kai, ɗinki muka zo ko su?"

Na ci gaba da warwara. Sau uku ana haka, har na fara tunanin wurga sandar cikin ruwa mu koma gida. A na huɗu ƙugiya ta tafi nesa da tanarta, na miƙa masa sandar. Ba a jima ba kanta ya lanƙwasa. Tsohon da sai an kama shi yake tashi, sai ga shi tsaye.

"Babba ne! Naɗa, naɗa!"

Na kama hannun injin ina juyawa da duk ƙarfina. Injin yana ƙara, zare ko taku ɗaya bai dawo ba. Duk naɗin da na yi tsaf ɗin nan yana zagaya kwarkwaro a banza, kifi kuwa yana ta tafiyarsa. A lokacin na tuna salatif, na ji kamar in mari kaina.

Baba ya yi tsaki ya saki sandar. Ya kama zaren ya naɗe a tafin hannunsa sau biyu, yadda ya saba da igiyar zamanin da, ya fara ja. Gargaɗi na biyu ban taɓa faɗa masa ba, girman kai ya sa ni kaina na manta da shi. Na ga zaren yana shiga fatarsa, jini yana bin wuyan hannu zuwa hannun riga.

"Baba, saki!"

"Ka rabu da ni!"

Wallahi dariya yake yi. Rabon da in ga fuskarsa haka tun ina ƙarami. Kifin ya sake fizga, zaren ya ƙara nutsewa, sai na laluba aljihu. Tela ba ya rabo da almakashi. Sai da na datsa sau biyu kafin tsinannen zaren ya yanke, shi da ya ƙi yin komai daidai tun safe. Ruwa ya kwanta, ko bayan kifin ba mu gani ba.

Na yage bakin rigata na ɗaure masa hannu. Muka kamo hanyar gari. A ƙofar gida, ina kama shi zai sauko daga mota, ya ce, "Hannu yana warkewa, ɗana. Da ka bar ni."

Na koma Sabon Gari da niyyar faɗa. Mutumin ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya, "Ka sa salatif?" Na sayi salatif da zare mai kyau na fito.

Ba mu sake zuwa ba. Kafin ciwon ya warke gwiwoyin sun ƙi, yanzu ko masallacin layinmu sai an riƙe shi. Tabon yana nan a tafinsa, siriri kamar layin ɗinki, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya buɗe hannu ya nuna masa. Kifin yana ƙara girma a bakinsa kowace shekara, amma ƙarshen labarin ba ya canzawa.

"Ya zo hannuna," yake cewa, yana nuna ni da haɓa. "Tela ya sa almakashi."